Hular da Ta Yaudari Leza: Yadda Milimita 1.3 Ta Ɓata Madubin Hubble

Ranar 27 ga Yunin 1990 jami'an NASA, hukumar binciken sararin samaniya ta Amurka, suka zauna gaban 'yan jarida da labari mai nauyi a baki. Na'urar hangen nesa ta Hubble, wadda jirgin Discovery ya tashi da ita ranar 24 ga Afrilun shekarar, ba ta gani tangaram. Duk tauraron da ta ɗauka sai ya fito da ɗan ɗigo mai haske a tsakiya, kewaye da wani hazo mai faɗi. A tsarin da aka yi, kashi 70 cikin 100 na hasken tauraro ya kamata ya taru a wannan ɗigo. Abin da ke taruwa bai wuce kashi 15 ba. Injiniyoyi sun yi ta matsar da ƙaramin madubin na'urar, wanda ke fuskantar babban madubinta, gaba da baya suna neman inda hoto zai fito sarai, ba su samu ba, domin hasken da ke fitowa daga bakin babban madubin da wanda ke fitowa daga tsakiyarsa ba wuri ɗaya suke haɗuwa ba. Tsakanin mahaɗar biyu akwai tazarar kusan santimita 4.

Babban madubin, mai faɗin mita 2.4, gefensa ya baje fiye da kima da maikiron 2.2 (maikiron kashi ɗaya ne cikin 1,000 na milimita), wato kusan kashi ɗaya cikin 50 na kaurin gashin mutum. Abin da ya ja ni ga wannan lamari shi ne ba rashin kayan aiki ne ya jawo shi ba. Madubin yana cikin mafi santsi da aka taɓa gogewa a zamaninsa, kuma da hasken leza aka auna shi, aka sake aunawa, har tsawon shekaru biyu. Ɓarnar ta faru ne a wani ɗan ƙaramin awon tazara da aka yi tun kafin a gama gugar, shi ma kuma da intaferomita aka yi shi. Duk mai aiki da irin wannan na'ura, a ɗakin gwaji ne ko a masana'anta, yana da abin dubawa a nan.

Intaferomita aikinta mai sauƙin faɗa ne. Ana ɗaukar haske guda a raba shi biyu da wani gilashi. Rabi ya tafi wurin madubin da ba ya motsi, rabi ya tafi wurin abin da ake son aunawa, su dawo su haɗu. Haske yana tafiya ne kamar igiyar ruwa, da tudu da kwari. Inda tudu ya haɗu da tudu sai haske ya ƙaru, inda tudu ya faɗa kan kwari sai su kashe juna a ga duhu. Daga nan ake samun ratsi-ratsin haske da duhu. Albert Michelson ne ya shahara da wannan dabara, shi da Edward Morley suka yi sanannen gwajinsu da ita a Cleveland a 1887. Jan lezan nan na iskar hiliyam da niyon, wanda aka fi amfani da shi wajen awo, tsawon zangonsa, wato tazarar tudu zuwa tudu, nanomita 632.8 ne (nanomita kashi ɗaya ne cikin 1,000 na maikiron). Tunda haske zuwa yake yi ya dawo, madubi na motsawa da rabin wannan, nanomita 316.4, ratsi ɗaya ya wuce. Na'urorin zamani suna tsaga ratsin nan kashi ɗaruruwa. Tun 1970 da kamfanin Hewlett-Packard ya fito da leza mai zango biyu, wannan awo ya fita daga ɗakunan bincike ya shiga masana'antu, har ya zama da shi ake tantance injinan sassaƙa ƙarfe da injinan zana kwakwalwar kwamfuta.

Ita dai na'urar labarin hasken da ya dawo mata kawai take bayarwa. Daga ina ya dawo, wannan tambaya ce da ke wuyan mai awo.

Shi ya sa zaɓen abin da zai maido da hasken ke da muhimmanci fiye da yadda sabon shiga ke zato. In teburin inji ne ake aunawa a kan doguwar tazara, akan ɗaura masa madubi mai fuska uku da suka haɗu kamar lungun ɗaki. Irin wannan yana maido da haske ta inda ya fito ko da ya ɗan karkace, kuma shi ne asalin abin da ke ƙyalli a bayan keke da dare. 'Yan sama jannatin Apollo 11 sun bar irinsa a duniyar wata a 1969, har yau ana harba masa leza daga ƙasa. In kuwa teburin yana tafiya gaba da gefe a lokaci guda, mai lungu ba zai yi ba, don zai fice daga hanyar hasken. Sai a sa miƙaƙƙen madubi dogo, a sa hasken ya je ya dawo sau biyu, abin da ke rage illar karkacewa ya kuma ninka ƙarfin awon. Akwai hali na uku: abin da ake aunawa ƙarami ne, ko bakinsa a zagaye yake, ba inda za a ɗaura masa madubi. A nan ana sa lensi ya tsuke hasken ya zama ɗigo ɗaya. Idan ɗigon ya sauka daidai kan gogaggiyar fuska, hasken zai koma ta hanyarsa, ratsin ya miƙe, mai awo ya san ga inda fuskar take. Wannan hanya ta uku tana da kaifi ƙwarai, amma duk wani abu mai ƙyalli da ya gitta hanyar hasken zai ba da irin wannan amsa. Ita aka yi amfani da ita a aikin Hubble.

Kamfanin Perkin-Elmer da ke Danbury a jihar Connecticut ne ya sami kwangilar madubin. Gilashin daga kamfanin Corning ya zo, irin wanda zafi da sanyi ba sa sa shi miƙewa ko tsukewa sai kaɗan. An fara guga a 1979, aka gama a 1981. Wahalar ita ce siffar madubin. Da a ce ɓangaren ƙwallo ne, kamar ƙwaryar da aka yanko daga cikakken duma mai zagaye, gwajinsa ba wuya: a sa ɗigon haske a cibiyar zagayen, duk hasken zai dawo wannan ɗigo. Madubin Hubble kuwa ya ɗan sauka daga siffar ƙwallo da gangan, don haka dole a sa wata na'ura tsakaninsa da intaferomita, wadda za ta lanƙwasa hasken ya ɗauki ainihin siffar da ake so madubin ya kasance. Zan kira ta magwaji. In madubin ya yi daidai da magwaji, ratsi ya miƙe. In ya kauce, ratsi ya lanƙwashe, masu guga su san inda za su ƙara ci. Magwaji ke nan shi ne tef ɗin tela. In tef ɗin ya gajarta, tela zai ɗinka riga mai kyawun ɗinki wadda ba za ta shiga mai ita ba.

Masu irin wannan aiki sun saba haɗa magwaji da gilasai zalla. Perkin-Elmer suka ƙera nasu da madubai biyu da ɗan ƙaramin lensi guda, kuma hujjarsu mai ƙarfi ce. Ba ka da cikakken tabbacin yadda cikin gilashi mai kauri yake, amma fuskar madubi a fili take, ana iya auna ta kai tsaye. Idan an san siffar madubai biyun da lensin, aka kuma san tazarar da ke tsakaninsu, lissafi kaɗai ya isa ya nuna irin hasken da zai fito. Sun fara gwada dabarar a kan madubi mai faɗin mita 1.5 ta yi aiki. Da aka zo kan babban, sai aka sake lensin aka sake tazarorin. Ingancin na'urar gaba ɗaya ya rataya ne a kan waɗannan tazarori.

Don saita su aka ƙera sandunan awo na Invar, wani haɗin ƙarfe da nikel da Charles Guillaume ya gano a 1896, wanda miƙewarsa da zafi ba ta kai kashi ɗaya cikin 8 na ta ƙarfen da aka saba ba. An auna tsawon kowace sanda da kyau, an goge bakunanta an zagaye su. Yadda aikin yake, sai a sa ɗigon hasken intaferomita ya sauka kan baki ɗaya na sandar, a tabbatar wannan baki yana inda ya kamata, sannan a kawo lensin a ajiye shi a ɗaya bakin.

A nan wani ya yi tunani mai kyau. Tunda bakin sandar a zagaye yake, in ɗigon hasken ya sauka a gefe maimakon ƙololuwa, tsawon da za a samu zai ɗan sauya. Don a toshe wannan kafa aka yi wa bakin sandar hula ta ƙarfe mai ɗan rami a tsakiya, yadda haske ba zai iya kaiwa ga sandar ba sai ta cibiya. Aka shafe saman hular da fentin da ba ya maido da haske, don kada ita kanta ta yi ƙyalli. Wannan fenti ya ɓantare a kusa da ramin. Ƙarfen da ke ƙarƙashinsa ya fito, mai awo ya kawo ɗigon hasken, ya ga ratsi ya miƙe, ya tsaya. Hasken daga saman hular ya dawo, bai kai ga sandar ba. Tsakanin saman hular da bakin sandar akwai milimita 1.3, kuma da wannan adadi lensin ya goce daga mazauninsa.

Milimita 1.3 abu ne da ido ke gani a kan rular ɗalibi. A ma'aunin jan leza kuwa ta fi ratsi 4,000. An sa hular ne don a kare kuskuren da bai wuce 'yan maikiron ba, sai ta haifi wanda ya ninka shi sau ɗaruruwa. Ni a ganina wannan ne zuciyar lamarin, kuma ban ɗora laifin a kan wanda ya ƙirƙiro hular ba. Duk abin da aka ƙara a hanyar haske, murfi ne ko taga ko gilashin kariya, sabuwar fuska ce da za ta iya maido da haske, kuma sai an tambayi yadda za a bambance ƙyallinta da na abin da ake nema. Ratsin da ya dawo daga hula da wanda ya dawo daga sanda duka biyun ratsi ne na gaskiya, na'urar ba ta yi ƙarya ba.

Alamar farko ta bayyana nan take. Da aka zo kai lensin inda awon ya nuna, abin da ke matsar da shi ya ƙure bai kai ba. An ƙera mazaunin ne bisa lissafin inda lensin zai zauna, ga shi kuma ya kasa. Maimakon a tsaya a tambayi dalili, sai aka cusa washa aka ƙara masa tsawo, aiki ya ci gaba. Duk wanda ya taɓa haɗa inji ya san wannan hali: abu ya ƙi shiga, lokaci na tafiya, ga washa a kusa. Amma ƙarfen da ya ƙi kaiwa awo ne shi ma. Awo ne maras kaifi, wanda ba zai iya bambance maikiron ba, sai dai ba ya ruɗewa da milimita. A ranar ma'auni biyu suka saɓa, aka bi mai kaifin aka gyara maras kaifin ya dace da shi.

Sauran alamun sun zo daga baya, kuma sun fi wannan ƙarfi. Kamfanin yana da wasu na'urori biyu. Ɗaya an ƙera ta ne ta kwaikwayi lafiyayyen madubi, a sa ta ƙarƙashin magwajin don a duba saitinsa. Hotunan ratsin da aka ɗauka da ita sun nuna lanƙwasa. Ɗayar magwaji ce ta gilasai, wadda aka yi amfani da ita wajen auna zurfin lanƙwasar madubin a tsakiya, ita ma ta nuna madubin yana da matsala. An kawar da kai daga duka biyun bisa hujjar cewa ba su kai magwajin madubai inganci ba. Gaskiya ne ba su kai ba. Amma kuskuren da suka nuna ya fi ƙarfin a ce rauninsu ne ya kawo shi. Sikelin da ke kuskure da giram 10, in ya ce maka buhu ya ragu da kilo 5, ba ka cewa ai dama sikelin ba shi da kyau. Wasu manyan masanan kamfanin ma sun ba da shawarar a yi wani gwaji mai zaman kansa, ko da mai sauƙi ne, don kama babban kuskure in akwai. Ba a yi ba. Aikin ya riga ya makara, kuɗi ya haura abin da aka tsara, kuma sashen da ke gugar a rufe yake, masu sa ido daga waje ba su cika shiga ba. Ba a kuma taɓa haɗa madubai biyun Hubble, babba da ƙarami, a haska musu haske a ƙasa don a ga hoton da za su bayar ba.

Madubin ya zauna shekara 9 a haka. An tsara harbawa a 1986, hatsarin jirgin Challenger a watan Janairun shekarar ya ɗage komai.

Kwamitin bincike da NASA ta kafa a Yulin 1990, ƙarƙashin Lew Allen, shugaban JPL, wata cibiyar binciken NASA, a lokacin, ya yi sa'a guda: magwajin yana nan a Danbury kusan yadda aka bar shi. Suka auna shi suka ga gocewar lensin, suka duba hular suka ga inda fentin ya ɓantare, suka lissafa irin siffar da milimita 1.3 za ta sa a goge, ta yi daidai da abin da hotunan taurari ke nunawa daga sama. Rahotonsu ya fito a watan Nuwamba. Lambar da ke bayyana siffar madubin ya kamata ta zama -1.0023, abin da aka goge kuwa ya fito kusan -1.0139.

Yana da kyau a ajiye wannan kuskure gefe da kurakuran da masu awon leza suka saba fargaba, don a ga bambancin girmansu. Iska tana sauya tsawon zangon haske: zafi ya sauya da digiri 1, ko nauyin iska ya sauya da abin da bai kai milimita 3 na ma'aunin zaiba ba, awo ya goce da kashi ɗaya cikin miliyan, wato maikiron 1 a kowace mita. Don haka ake ajiye na'urorin auna zafi da nauyin iska da laima kusa da hanyar hasken, a gyara da lissafin da Bengt Edlén ya wallafa a 1966. Sai karkacewar haske daga hanyar da abin ke bi: in ya kauce da milimita 1 a tafiyar mita 1, awon zai gajarta da rabin maikiron. Sai abin da Ernst Abbe ya yi gargaɗi a kansa tun 1890, cewa layin awo ya bi ta kan wurin da ake son sanin matsayinsa. In madubi yana santimita 10 sama da bakin abin yanka, teburin ya ɗan sunkuya da kashi ɗaya cikin 3,600 na digiri, an yi asarar kusan rabin maikiron. Akwai kuma tazarar banza da ake bari tsakanin gilashin raba haske da madubi a wurin farawa, wadda iskar cikinta ke sauyawa ba tare da lissafi ya kama ta ba, maganinta shi ne a matso da su kusa da juna. Waɗannan duka na gaske ne, kowane littafin koyarwa yana ɗauke da su, kuma duk a maikiron ake lissafa su. Ƙwararre yakan ɓata yini yana farautar rabin maikiron, hankalinsa ya tafi can, har ya manta da tambayar da ta fi sauƙi, ko abin da yake aunawa shi ne abin da yake zaton yana aunawa.

Da ni aka tambaya abin da zan ƙara a takardar aikin ranar, layuka kaɗan ne. A auna tazarar da rula ko wani ma'aunin hannu kafin a kunna leza, a rubuta. A matsar da ɗigon hasken gaba da baya fiye da kaurin hular, a ƙirga fuskoki nawa ke amsawa; in biyu suka amsa, a san wacce ce wacce. In an ƙara wani abu da babu shi a zane, ko washa ɗaya ce, a rubuta dalili wani ya sa hannu. Sannan a yanke tun farko iyakar saɓanin da za a yarda da shi tsakanin babban ma'auni da ƙanana, yadda in an haura ta aiki zai tsaya ko da wa ke gaggawa. Na ƙarshen nan ya fi sauran wuya, don ba na'ura yake buƙata ba, mutum yake buƙata mai ikon cewa a dakata.

Abin da ya ceci Hubble shi ne tsabtar kuskuren. Tunda an goge madubin daidai da magwajin da ya goce, siffarsa sananniya ce har zuwa ƙaramin adadi, don haka ana iya ƙera ƙananan madubai masu kishiyar wannan siffa su warware ta, kamar yadda tabarau ke yi wa ido. A Disambar 1993 jirgin Endeavour ya kai mutum 7 wurin Hubble, suka fita waje sau 5. Story Musgrave da Jeffrey Hoffman suka sa sabuwar kyamara, WFPC2, wadda gyaran ke cikinta. Kathryn Thornton da Tom Akers suka cire ɗaya daga cikin na'urorin binciken suka sa COSTAR a gurbinta, akwati mai girman ɗakin wayar tarho da ke miƙa madubai masu girman kwabo gaban sauran na'urorin. Ranar 13 ga Janairun 1994 aka nuna sababbin hotuna, taurari sun koma ɗigo. A 1993 ɗin ne kuma Perkin-Elmer da kamfanin Hughes, wanda ya sayi sashen gilasan daga baya, suka amince su biya gwamnatin Amurka dala miliyan 25 don rufe maganar. Da aka zo kan na'urar hangen nesa ta James Webb, wadda ta biyo bayan Hubble, an auna madubanta ta hanyoyi daban-daban da ba su dogara da juna ba, kuma a 2017 aka sa ta cikin wani katafaren ɗakin sanyi a cibiyar Johnson da ke Houston aka gwada ta a haɗe na kusan kwana 100.

Tun farkon aikin NASA ta sa kamfanin Eastman Kodak ya goge madubi na biyu don ko-ta-kwana, ta tsohuwar hanya, kuma nasu ya fito da siffar da ake so. Ba a taɓa gwada madubin wani kamfanin da magwajin ɗayan ba. Madubin Kodak yana gidan tarihin jiragen sama da sararin samaniya a Washinton. COSTAR ma can aka kai ta bayan an sauko da ita a 2009, lokacin da duk na'urorin da ke cikin Hubble suka zama masu ɗauke da gyaransu a ciki. Babban madubin kuwa yana sama har yanzu, gefensa a baje da maikiron 2.2 kamar yadda ya bar Danbury.